Renon Barkono a Rabin Jarka

A gidanmu ni ce auta, kuma ni ce mai baki. Inna takan ce da a ce da baki ake noma, da ni kaɗai na ciyar da ƙasar Kudan. Ban taɓa musa mata ba. Amma shekarar da Baba ya faɗi a babur, bakin nawa ya yi ta aiki har ya gaji bai tsinana komai ba, sai da wani ɗan tsiron barkono ya fito a gindin randa ya yi abin da na kasa.

Baba manomi ne tun tasowarsa, a ƙauyenmu da ke gefen Hunkuyi. Rake, masara, barkono, babu wanda bai noma ba. Yana dawowa daga kasuwar Makarfi ne a bayan ɗan acaɓa, akuya ta gifta musu, suka zube. Ɗan acaɓan ya tashi ya karkaɗe wandonsa, Baba kuwa ƙugunsa ya karye. An yi asibiti a Zariya, an yi ɗori a gida, ƙashi ya kama, amma ƙafar ba ta koma yadda take ba. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai da sanda, sai kuma ya huta a hanya. Gona ta koma hannun yayyena da ke gida, shi kuwa ya koma tabarma.

Babban yayanmu, wanda duk muke kira Yaya, yana Kaduna yana sayar da kayan gyaran mota. Shi ya ɗauki nauyin asibiti, shi ya kawo keken guragu sabo fil a cikin ledarsa. Baba ya dubi keken sau ɗaya ya kau da kai. Sai da Yaya ya tafi, sannan ya ce da Inna a janye masa wannan abu daga gabansa, shi ba gurgu ba ne. Inna ta tura keken tsakar gida, ta riƙa ɗora faifan kuka a kai tana shanya.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce me ya hana Baba faɗa wa mai keken da kansa. Yaya ɗan fari ne, iyayenmu kuwa mutanen da ne, masu alkunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ko na Inna ba. “Yaron nan” ne, ko “na Kaduna”. In ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba zai amsa yana kallon bango: “Lafiya. Madalla. Ya iyali? Madalla.” Hira ta ƙare ke nan. In akwai magana, ta bakina take bi. Ba kuwa don babu so ba. Baba yakan tsare ni da tambayar labarinsa har in gaji, amma yana jin ƙugin motarsa a ƙofar gida sai ya ɗaure fuska kamar an aiko masa da sammaci.

To, Yaya ya je ya gina ɗaki a gidansa na Kaduna. Na ga hotonsa a waya: tayil, fanka, bayi a ciki, katifa mai kauri da mutum zai nutse. Ya zo takanas ya durƙusa ya ce kafin ruwa ya zauna zai zo ya ɗauki Baba da Inna su koma can, tunda ɗakin Baba yana yoyo, ga asibiti nesa. Baba ya dubi bango ya ce, “Madalla. Allah ya yi albarka.” Yaya ya tashi yana murna, a ganinsa an amince. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Washegari ma ya ɗan taɓa ya ture kwanon.

Ni a garin nake aure, gida kaɗan ne tsakaninmu, kullum ina hanya. Na ga yadda Baba yake zubewa, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Na tsare Inna a madafi, ta ce mini, “Ba ya son zuwa. Ya ce in an kai shi can an binne shi da ransa. Amma da wane baki zai faɗa wa yaron nan, bayan ya zuba ƙarfinsa ya yi gini?” Gaba kura baya siyaki ke nan. Ban yi wata-wata ba na kira Yaya na amayar masa da komai.

Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, “Auta, Baba ne ya faɗa miki, ko ke ce ba kya son ya yi nisa da ke?”

“Inna ce ta faɗa mini.”

“Ni a gabana madalla ya ce. Kuma me yake yi a can ban da kwanciya yana ƙirga azara? In Baba ya ce mini da bakinsa ba ya so, na haƙura. In ba haka ba, kafin ruwa ya zauna ina nan tafe.”

Da bakinsa! Mutumin da tun da aka haife shi Baba bai taɓa haɗa masa magana mai tsawo ba. Raina ya ɓaci har na kusa jifa da wayar. Amma maganarsa ɗaya ta tsaya mini: me yake yi a can? Na ce to, bari in samar wa Baba abin yi, wanda mutum zai yi a zaune. In Yaya ya zo ya tarar da shi cikin sana'a, ai sai mu ga ta inda zai ɗauke shi.

Na fara da caji. Mijina ya ɗora faifan sola a kan zaure, aka jera soket a katako, aka shimfiɗa wa Baba buzu a gefe. Abin da ake so kawai ya karɓi waya ya jona, in mai ita ya zo ya ba shi. Kwanakin farko har na fara rawar kai, samari suna ta kawowa. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne Baba ba zai iya jin ana kira a yi shiru ba, a wurinsa wannan wulaƙanta baƙo ne. Waya tana ƙara zai ɗauka. Da kunnena na ji shi wata rana:

“Wa alaikumus salam. A'a, ba shi ba ne, wayarsa ce take caji. Ke 'yar gidan wa ce? Allah sarki, ai na san kakanki, tare muka yi noman rake. To iyayenki sun san kina kiran yaron nan?”

Ba a rufa mako ba samarin garin suka kwashe wayoyinsu suka koma wa mai shagon bakin tasha. Har yau akwai wanda in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Sai na kafa masa tebur: ashana, sabulu, gishiri, alewa. Jikoki suka gano cewa duk wanda ya durƙusa ya yi gaisuwa da kyau yana samun alewa, sai ga yaran unguwa duka sun zama masu ladabi, wasu su gaishe shi su zagaya su sake dawowa. Tebur ya mutu a tsaye. Daga nan na kawo masa tsofaffin buhuna ya riƙa warware zarensu yana tufkar igiya. Wannan kam ya iya, ya yi ta tufka har akuyar da ba a haifa ba ta samu igiyarta. Amma hannu ne kaɗai yake aikin. In na dube shi, idonsa yana kan ƙofa, inda manoma suke wucewa da fartanya a kafaɗa. Wata rana ya ajiye igiyar ya ce, “Auta, ki daina wahalar da kanki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.” Na koma gida na yi kuka mai isata.

Ana cikin zafin bazara, wata safiya na shigo gidan da saurina na nufi randa zan sha ruwa, sai na ji tsawa daga bakin ɗaki.

“Ke! Ɗage ƙafarki!”

Na daka tsalle, na ɗauka maciji ne. Baba yana nuni da sandarsa. Ashe kwanakin baya Inna ta daka busasshen barkono a wurin, 'ya'yan suka zube inda randa take ɗiga, suka tsiro. 'Yan ƙanana ne, kowanne da ganye biyu kamar kunnen ɓera. Inna ta ce ai tun jiya ya hana kowa sakat, ya tara tsakuwa a gefensa yana jifan kaji. Na dubi Baba da kyau. Tun faɗuwarsa ban ga idonsa ya yi wannan haske ba. Ruwan da ban sha ba ke nan. Na juya da gudu, mayafina yana jan ƙasa.

A gidana akwai wata tsohuwar jarka da ta fashe. Na sa mijina ya tsaga ta gida biyu a tsaye, ya huda gindinta, na cika rabi da ƙasa na kinkimo na dire a gaban Baba ina haki. Ya sa hannu ya damƙi ƙasar, ya murza, ya watsar.

“Wannan ƙasa ce ko siminti? A ina kika taɓa ganin an yi reno a wannan? Je ki juji ki tono ta ƙasa, wadda ta ruɓe ta yi baƙi. A daka kashin awaki. A kawo yashi. A tankaɗe da rariya, ba na son ganin dutse ko ɗaya.”

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Ina tonon juji ina dariya ni kaɗai, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya. Da aka haɗa kayan, Baba ya sa aka ɗora masa daro a cinya, ya zuba hannuwansa biyu har gwiwar hannu yana cuɗawa. Ya cika rabin jarkar, ya ja layi da ɗan yatsa, ya barbaɗa irin da Inna ta ciro masa daga wani ƙoƙo a rataye, ya rufe da ƙasa sama-sama, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Na ba shi buta, ya ce buta tone iri take yi. Ya sa aka kawo gwangwanin madara, ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya ɗaura shi a bakin kara. In ya tsoma a bokiti ya ɗaga, ruwan sai ya zubo kamar yayyafi. Ranar ya cinye tuwonsa ya tambaya ko da saura a tukunya.

Sunkuyo ne ba ya iyawa, don haka muka ɗaga gonar ta zo inda yake. Yayyena suka jera bulo suka ɗora katako, ya zama benci daidai ƙirjin mutumin da ke zaune. Aka kafa rumfar kara a sama. Da ƙadangaru suka gano wurin, Inna ta sadaukar da tsohon gidan sauronta aka lulluɓe. Safiyar da iri ya fasa ƙasa, Baba ya aika a kira ni tun ban karya ba. Na zo na tarar ya ɗage ciyawar, layi-layi na kore sun fito reras. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida. Inna ta ce, “Ke auta, haihuwa aka yi?” Baba ya ce, “Ƙyale ta, haihuwar ce.”

Har a lokacin abin wasa-wasa ne. Wanda ya mai da shi sana'a maƙwabcinmu ne, abokin Baba tun suna yara. Ya yi renonsa a fadama kamar yadda kowa yake yi, rijiyar ta ƙafe, abin da ya rage awaki suka ƙarasa. Ya shigo duba Baba, suka yi doguwar gaisuwarsu ta gajiya da iyali da zafi, sai idonsa ya faɗa kan benci. Ya daɗe yana kallo. Washegari ya dawo da ɗan ƙulli a shuɗin ƙyalle, ya durƙusa ya ajiye a cinyar Baba.

“Malam, sauran irin da nake da shi ke nan, na gado ne, tun na mahaifina. In wannan ya lalace bana ba ni ba barkono. Amana na ba ka.”

Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Allah ya ba mu ikon riƙewa.” Ya shuka, sannan ya ɗaure shuɗin ƙyallen a hannun jarkar don kada ta ɓace a cikin sauran.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Maƙwabcin nan ya kai labari kasuwar Hunkuyi, cewa akwai reno a cikin gida, kusa da rijiya, ba akuya ba ƙadangare, kuma mai shi ba ya zuwa ko'ina, ido a kai wuni guda. Sai ga mutane da ƙulle-ƙullensu, mai attaruhu, mai tattasai, mai ɗan tsiduhu. Har wani surukin gidanmu daga Janfalan ya aiko da nasa ta hannun direba. Wanda ya kawo iri ya ba da ladan reno, wanda ba shi da iri ya kama layi zai sayi dashe. Na bi gari ina farautar fasassun jarkoki, har mata suka sa mini suna uwar jarka. Kowace jarka da ƙyallen mai ita a hannu, ja, fari, atamfa, yadi, tsakar gidanmu ta koma kamar ranar wankin biki.

Benci ya yi tsawo har sanda ta kasa kai Baba ƙarshensa. Ina kallonsa kwana da kwanaki yana fama, yana dafa bango, ban ce komai ba, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Wata safiya ya yi gyaran murya ya ce da Inna, “Ina keken nan na yaron nan?”

Inna ta ce, “Wanne? Na guragu?”

“Keke na ce miki.”

Ta sauke faifan kukarta tana danne dariya. Kafin azahar Baba ya iya juya shi, kafin la'asar yana zarya daga wannan kai zuwa wancan, bokiti a tsakanin ƙafafunsa, gwangwani a hannu, yana korar kowa daga hanya. Da yamma zaure ya cika da manoma, ana gardamar yaushe ruwa zai sauka, muryar Baba ta fi ta kowa tashi. Wuyan rigarsa ya fara komawa daidai.

Duk wannan murnar akwai abin da yake cizona. Na tura wa Yaya hotuna, ya ce ma sha Allah, ai yana da kyau tsoho ya samu abin ɗebe kewa, a can ma za a sayo masa tukwanen fure. Tukwanen fure! Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas, an yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Kowa yana murna, ni ina ta tuna wa'adin Yaya.

A kwanakin ne Baba ya ba da wani umarni da ya ɗaure mini kai. Ya ce a yaye rumfa, a cire gidan sauro, a kuma rage ban-ruwa ƙwarai. Da rana ta take, dashen nan da muka sha wahala a kansa ya yi laƙwas, ganye ya sunkuya. Na ce, “Baba, kashe su za ka yi?” Ya ce, “Horo ne. Dashen da ya saba da inuwa da ruwa safe da yamma, in aka kai shi gona, rana ɗaya za ta kwantar da shi. Sai ya ɗanɗani ƙishirwa tun yana gida, karansa ya yi ƙwari. Duk wanda ya zuba musu ruwa yanzu ya mayar mini da aiki baya, masu shi kuma an huɗa musu gona suna jira.” Ya kafa doka, ko Inna ba ta isa ta watsa ruwan wanke-wanke kusa da benci ba.

Ana cikin horon nan Yaya ya iso. Bayan azahar ne, Baba ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa, Inna tana madafi, ni ina tsince shinkafa a inuwa. Na ji tsayuwar mota, na leƙa, na ga an wanke ta tas, har da matashin kai a kujerar baya. Na san ya zo ɗaukar Baba ne. Ya shigo da sallama cikin farar shaddarsa, muka gaisa, sai ya tsaya cak yana kallon benci. Rana tana tsakiya, dashen duk sun langaɓe.

“Kin gani ko, auta? Abin da nake gudu ke nan. Kun ɗora wa tsoho aikin da ya fi ƙarfinsa, ga shi ko ruwa ya kasa ba su. Ku kuma kuna zaune kuna kallo.”

“Yaya, tsaya ka ji, ba haka ba ne, horo ne…”

“Yi mini shiru.”

Ya naɗe hannun riga ya nufi rijiya. Tausayi ne fal a fuskarsa, na Baba da na tsiron duka, shi ya sa ma na rasa ta inda zan tare shi. Na bi shi ina magana, ko waiwayowa bai yi ba. Ya ja guga ya cika bokiti, ya ɗauko, bai ko nemi gwangwani ba, ya nufi jarkar farko, mai shuɗin ƙyalle, ya karkata bokitin. Ruwa ya fara zuba.

Sai muka ji sunan. Sunan Yaya na yanka, wanda aka raɗa masa, da ƙarfi, har kajin gidan suka watse. Baba ne a bakin ɗaki, a kan keke, hannunsa a sama.

“Ajiye bokitin nan!”

Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta kama bakinta da gefen zane. Ni shinkafar da ke hannuna ce ta zube. Yaya kuwa, mutum da furfura a gemu, ya ƙame da bokiti a hannu, ruwa yana zuba a kan takalminsa bai sani ba. Can ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, “Na'am, Baba.”

Baba ya dubi bango, don shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kuma amanar mutane tana jiƙe. Ya turo keken da kansa har gaban benci, ya karkata jarkar ruwan ya tsiyaye, ya tattaɓa ƙasar. Ya ce da sauƙi, gefe ɗaya ne. Sannan ya ce, “Zo nan. Durƙusa.” Yaya ya durƙusa a cikin caɓi da farar shaddarsa. Baba ya kama hannunsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗora yatsunsa a karan wani dashe.

“Matsa. Ka ji tauri? Wannan ya horu. Da safe za ka gan shi a miƙe. Wanda ake lallaɓawa kuwa, kore shar, gwanin sha'awa, shi ne ba ya kai labari a gona.”

Ya bi da shi jarka bayan jarka, yana faɗa masa mai kowane ƙyalle, da irin da ke ciki, da inda za a dasa. Magana yake yi da shi, doguwa, yana kallon fuskarsa. Yaya yana binsa a tsugune yana “to, Baba, to, Baba,” ban tabbata ya fahimci rabin bayanin ba. Ni dai ina tsaye hawaye yana zuba, ina kuma jin kamar in taka rawa.

Da suka kai ƙarshen benci Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, to maganar tafiya fa? In an kwashe waɗannan sai in dawo?”

“In an kwashe waɗannan, tumatir ne. Bayansa albasa, masu fadama sun riga sun yi magana.”

“To yaushe ake gamawa?”

“Ba a gamawa.” Baba ya gyara zama. “Ɗakin da ka gina, Allah ya gina maka a Aljanna. Na ji daɗi, ban taɓa faɗa maka ba ne. Amma ba zan je ba. Ni ma ruwan da kake ba ni ya yi yawa.”

Yaya ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa hannun riga ya goge ido. Ya ce ai shi ke nan, da bakinsa ya ji. Na kasa riƙe kaina na sake rangaɗa guɗa, Inna ta ɗaga mini muciya, amma ita ma bakinta har kunne.

Ya kwana, da safe ya ga dashen a miƙe kamar yadda aka faɗa masa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tafka ruwa mai yawa, masu ƙyalle suka zo suka kwashi amanarsu, maƙwabcinmu ya ɗauki tasa a ka yana ta sa albarka. Kafin nan Yaya ya koma, kuma abin da ya zauna a kujerar bayan motar, jingine da matashin kan nan, rabin jarka ce ta barkono da Baba ya ba shi ya dasa a bayan sabon ɗaki. Na raka shi bakin mota. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya duba ko akwai mai jinmu, sannan ya ce, “Auta, ke ma kin ji, ko? Ba kunnena ba ne?” Na ce duk unguwa ta ji. Ya girgiza kai yana murmushi ya ce, “Ashe yana riƙe da sunan.”

Makon da ya biyo baya ya aiko da kwanon rufi aka rufe ɗakin Baba, katifar ma ta biyo mota ta zo. Yanzu benci ya zagaye tsakar gida, Inna tana mitar an cinye mata wurin shanya. Yaya ya fi da yawan zuwa, kuma na lura da wani abu. Duk zuwan da zai yi, in ya gama gaisuwa, sai ya je rijiya ya cika bokiti, ya nufi benci a hankali, ya ɗan karkata shi, yana satar kallon Baba ta gefen ido. Baba yana kan kekensa yana kallon bango, gemunsa yana rawa.

“Kai, yaron nan,” in ji shi, “ajiye. Na gane ka.”